Makulli a Gefen Faranti

"Ba a gidana ba."

Sharaɗin Umma ke nan, kuma haka Auta ta maimaita wa Dogo a waya. Umma ta yarda za ta gan shi, amma ba zai taka mata ƙofar gida ba. A zaga gari da shi kamar kowane baƙo, a ci abinci a waje, sannan kowa ya kama gabansa.

Dogo bai yi musu ba. Tun damina rabonsa da ganin Auta. Ko a bakin kwata aka ce ya zo, zuwa zai yi.

Laifinsa ɗaya ne, kuma ba ɓoyayye ba ne. Direban tirela ne. Mahaifin Auta ma direba ne, a kan hanya ya rasu tun tana ƙarama. Ranar da Umma ta ji sana'ar saurayin 'yarta ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Kaya kawai ta haɗa, ta bar babban birni, ta dawo da Auta wannan ƙaramin gari inda aka haifi ita Umman. Abin da ta manta shi ne garin yana kan hanyarsa.

Da hantsi ya shigo da lodin sukari. Mai sito ya dubi tulin buhunan, ya dubi 'yan dakonsa, ya ce, "Kafin a gama sauke wannan sai yamma. Je ka sha iska."

A famfon bayan sito ya yi wanka. Ya daɗe yana kankare baƙin mai daga ƙarƙashin farcensa, bai fita duka ba. Ya sa rigar da ya ajiye a leda tun daga gida. Sannan ya zaga motar yana dukan tayoyin da ƙafa, duk da ya san lafiyarsu lau.

Mai Tabarau na zaune a benci yana kallonsa. Direban ko-ta-kwana ne na kamfanin, ba shi da mota tasa, kullum jira yake wani ya yi ciwo ko ya yi laifi.

"Ango ka sha ƙamshi! Kawo makullin in riƙe maka mana, kada ya yi maka nauyi a gaban surukai."

"Riƙe bakinka ya fi maka."

Mai Tabarau ya yi dariya, Dogo bai yi ba. Su biyun sun san wasan ba wasa ba ne. A kamfaninsu mota tana bin makulli ne. Duk wanda ya miƙa makullinsa ga ɗan ko-ta-kwana aka yi tafiya ba da shi ba, manaja ba ya sake waiwayarsa. Dogo ya yi shekaru yana kwana a ƙarƙashin motar wani kafin a damƙa masa wannan. Ko banɗaki zai shiga, da shi yake shiga.

Ya tura makullin can ƙasan aljihu, ya kama hanyar cikin gari.

A gindin hasumiyar agogo ya same su. Auta ya fara gani, cikin shuɗin mayafi, ta rame har wuyanta ya ƙara tsawo. Kusa da ita wata 'yar ƙaramar mace ce, ta rungume jakarta da hannu biyu kamar za a ƙwace.

Ya durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Umma."

"Lafiya. Tashi, direba, kada ka ɓata wandon."

Ba ta tambayi hanya ba, ba ta tambayi mutanen gida ba.

Auta ta yi saurin cike wurin da magana. "Yaya Dogo, ka san garin nan kuwa?"

"Na sani."

Ƙarya ce, bai kuma gane ƙarya ba ce sai da ya faɗa. Ya ratsa garin nan sau ba adadi, amma abin da ya sani sito ne, da gidan mai, da titin da ya kewaye gari ta baya. Bai taɓa sanin akwai hasumiya ba.

"Agogon nan tun kafin a haife ni ya tsaya," in ji Auta tana nuna sama. "An kawo masu gyara har sun gaji. Amma har gobe in mutum zai haɗu da wani, nan yake cewa a haɗu. Kuma ba a taɓa cewa wani ya makara ba, tunda ga shaida a sama."

Ta yi 'yar dariya, tana satar kallon uwarta.

Dogo ya so ya ce wani abu mai daɗi. Ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar, farar ƙasa ta fara zuba daga jikinta, tattabaru sun yi layi a kan baki. Sai idonsa ya sauko kan shataletalen da ya kewaye ta.

"Kwanar nan ta yi ƙunci," ya ce. "Doguwar mota ba za ta iya juyawa a nan ba."

Umma ta juyo ta dube shi. Kallo ɗaya, ta kau da kai.

Auta ta ciji leɓe.

Suka shiga gidan tarihi, ɗaki biyu ne kacal, mai sanyi da warin tsohon katako. Tukwane fasassu, wani ƙaton anga na jirgin ruwa da aka tsamo daga kogi, hotunan shekarar da ruwa ya ci rabin gari. Wani dattijo mai gadi yana bin Umma yana bayani, ita kuma tana gyara masa, don gidan kakanta yana cikin hoton.

Dogo ya tsaya gaban wani akwatin gilashi. Bai ga abin da ke ciki ba. Fuskar Auta yake kallo a jikin gilashin, ta zo ta tsaya bayansa.

"Ka rame," ta ce a hankali.

"Ke ma."

"Ni ai ina da dalili."

"Ni nawa daban ne?"

Ta ce, "Don Allah, Yaya, ka bi ta a hankali. Yau ce kawai. Da kuka na samo yau ɗin nan."

"Auta!" Umma ta kira daga ɗaya ɗakin. Suka rabu kamar ɓarayi.

Da suka fito, Umma ce ta zaɓi hanya. Ba ta bi ta bakin kogi ba, ta bi ta layin shaguna. Dogo bai gane dalili ba sai da wani saurayi cikin farar riga ya fito daga kemis da saurinsa, yana jawo kujera.

"Umma, sannu da fitowa. Ga maganin gwiwar nan ya iso, na ajiye miki. Malama, ya yaran makaranta?"

Auta ta amsa ba ta ɗago ba.

To wannan ne. Auta ta taɓa ambatarsa a waya sau ɗaya, cikin kuka. Mai kemis. Dogo ya so ya same shi da wani aibu, girman kai ko kallon raini. Bai samu ba. Hannunsa ya miƙo, tafin mai laushi, farce fari tas.

"Kai ne baƙon namu? Sannu da hanya. Za ka kwana biyu ne?"

"Yau zan wuce."

"Ayya, da wuri haka? Ai da ka tsaya ka ga garin sosai. Mu kam kullum muna nan."

Ba da wata manufa ya faɗa ba. Shi ya fi ciwo.

Umma ta karɓi maganinta, ta sa a jaka. Sai da suka yi nisa ta ce, kamar da iska take magana, "Tun da na dawo garin nan, ban taɓa zuwa na tarar da shagon can a rufe ba."



A ƙarshen layin akwai tudu, an yi masa matakala da ƙarfen dafawa. Auta ta ce duk baƙon da bai hau ba bai ga gari ba. Umma na hawa tana dafa gwiwa. Dogo ya miƙa hannu zai karɓi jakar, ta ɗan yi jim, sannan ta sakar masa. Ya riƙe jakar nan kamar ƙwai.

Daga sama garin duk ya kwanta a gabansu. Rufin kwano ja da fari, bishiyoyi a tsakani, kogi ya raba shi biyu yana sheƙi. Iska mai sanyi tana kaɗa mayafin Auta. Ta manta da tsoronta na ɗan lokaci, tana nuna masa da yatsa.

"Ga makarantarmu can, mai koren rufi. Ajina shi ne na ƙarshe. Ga tsohuwar gada, ga sabuwa can baya. Ka ga lambun can? Da yamma mutane ke zuwa da iyalansu su zauna, ba abin da suke yi, zama kawai. Yaya? Me kake kallo?"

Can gefen gari yake kallo. Ya hango siton, ya hango motarsa, an yaye tamfol, 'yan dako kamar tururuwa suna hawa suna sauka.

Umma ba ta ko dubi wajen ba. Ta ce, "Sun kai rabi?"

"Sun wuce rabi, Umma."

Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya amsa.

Umma ta gyaɗa kai a hankali. Ta miƙo hannu ta karɓi jakarta.

"Babanta ma nan na kawo shi, muna sabon aure," ta ce. "Shi ma can ya kalla."

Ta juya ta fara sauka ita kaɗai.

Gidan abincin a saman bene yake, tagoginsa na kallon kogi da sabuwar gada. Tebura ƙalilan, kowanne da farin ƙyalle, fanka na juyi a kasale. Dogo ya yi wa kansa alkawari tun daga matakala. Ba zai ƙara maganar mota ba. Ba zai kalli taga ba.

Ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa, bai san ya zaɓa ba. Ya ciro waya da makulli ya ajiye a gefen faranti, don suna tokare masa cinya in ya zauna. Kullum haka yake yi.

Mai kawo abinci ta zo. Umma ta ce a gasa musu kifi ita da Auta, a haɗo da shinkafa, ba sa sauri.

"Kai fa, malam?"

"Me ke akwai a shirye?"

"Shinkafa da miya."

"Kawo."

Duk tare aka kawo. Ya yi bismilla, ya sunkuyar da kai. Yana ci yana shirya maganar da zai yi wa Umma in an gama. Zai ce mata ba ya shan komai. Zai ce mata bai taɓa yin gudun banza ba, ba ya tuƙi da barci a ido. Zai ce mata ya kama ɗaki biyu da tsakar gida. Ya jera maganganun tsaf a ransa, ya kora da ruwa, ya goge hannu, ya ɗago kai.

Farantinsa wayam.

Auta ko ƙayar farko ba ta gama cirewa ba. Cokalinta na tsaye a iska, idonta a kansa, ya cika da ruwa.

Umma ta ajiye nata cokalin a hankali, ba ƙara. Ta dubi farantin, ta dubi makullin da ke gefensa. Ta miƙe.

"Bari in wanke hannu."

Hannun da ko abincin bai taɓa ba.

Tana bacewa bayan labule hawayen Auta suka zubo.

"Me na yi?" in ji Dogo.

"Ba ka ma sani ba."

"Auta, faɗa min."

"Wa ya kore ka? Wa ke bin ka, Yaya? Na ce ka bi ta a hankali, na roƙe ka!"

"Abinci kawai na ci."

"Ba ci ka yi ba, lodi ka yi." Ta share ido da gefen mayafi, wasu suka sake zubowa. "Ka zaci hatsari take tsoro? Kowa haka yake zato. Ta ce mutuwa ko a gado tana samun mutum, ba wannan ba ne. Ta ce tun da ta auri Baba ba su taɓa gama cin abinci tare ba. Ko sau ɗaya. Za ta wuni a kicin, ta shimfiɗa, ta zauna, kafin ta kai loma uku ya miƙe yana laluben makulli. Ko an kira shi, ko ba a kira shi ba. Ranar da zai tafi tafiyar da bai dawo ba, rabin faranti ya bari. Ya ce ta rufe masa, yana dawowa."

Ta haɗiye kuka.

"Ta rufe. Har aka zo aka faɗa mata, yana nan a rufe. Ni ban tuna fuskarsa ba, Yaya, amma na tuna farantin nan."

Dogo ya dubi hannuwansa. Tun yana yaron mota aka koya masa ci haka, a tsaye, ido a kan titi, don maigida ba ya jiran kowa. Ba wanda ya taɓa ce masa aibu ne.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ta sa na yi mata alkawari. Ta ce in aka faɗa maka za ka yi na ganin ido. So take ta ga yadda kake."

"To ta gani."

"Iyayen mai kemis za su zo ran Juma'a." Ta faɗa da sauri kamar mai cire ƙaya daga ƙafa. "Na ce ba na so. Ta ce ba za ta tilasta min ba, amma ba za ta sa hannunta ta ba ni rayuwar da ta yi ba. Ni kuma ba zan iya tsallake ta ba. Ni kaɗai gare ta. Ka ce in yi yaya?"

Wayar ce ta amsa, ta hau ruri a kan tebur, tana girgiza makullin.

Mai sito ne.

Ya kife ta. Ta yi shiru, ta sake ɗaukar ruri. Daidai nan Umma ta dawo, idonta ja, fuskarta a bushe. Ta zauna ta gyara mayafi.

"Ɗauka mana, direba. Ai ba a ƙin kiran aiki."

Ya ɗauka. Muryar mai sito har teburin gaba ana ji.

"Kana ina? An ƙaro 'yan dako, mun gama tun ɗazu! Ga wata mota a ƙofa tana jiran wuri. Manaja ya bugo, akwai lodin komawa a gari na gaba, kuma suna rufewa da wuri. Ka zo yanzu-yanzu!"

"Ka ce sai yamma."

"To na fasa! Ni na ce ka je yawon buɗe ido? Ka taho!"

Ya kashe. Sai a lokacin ya lura ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita daga ƙarƙashin tebur, hannunsa na kan makulli.

Umma ma ta lura.

"Tashi ka tafi," ta ce, ba fushi a muryarta. "Ban taɓa hana mutum neman abincinsa ba. Ba ni da abin da zan rufe maka ma. Shi yakan bar rabi, kai ko rabin ba ka bari ba."

"Umma, don Allah..." in ji Auta.

"Yi shiru, Auta. Bari in faɗa masa, don kada ya tafi yana cewa tsohuwar nan ƙinsa take yi." Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da suka haɗu. "Ba na ƙin ka. Da mugu ne kai da abin ya zo min da sauƙi. Na ga yadda ka riƙe min jaka. Na ga yadda kake kallonta. Shi ma mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Amma ban aure shi ba, direba, hanya ce ta aure shi, ni aro take ba ni. Yana zaune gabana kunnensa na waje. In na yi masa hira sai in ga yana gyaɗa kai, ashe ƙarar wata mota yake saurare. Na haifi yarinyar nan yana wata ƙasa. Ta fara tafiya, a waya na ba shi labari. Ba zan zauna in ga ita ma tana rufe faranti ba. Ka yafe min, amma ba zan iya ba."

Hawaye ɗaya ya gangaro mata, ba ta share ba.

Wayar ta sake ɗaukar ruri.

Dogo ya dube ta. Ya dubi makullin. Akwai wani ɗan zare shuɗi a jikinsa, Auta ce ta kitsa masa tun suna babban birni, ya yi baƙi saboda riƙo. Duk maganganun da ya jera ɗazu ya neme su ya rasa.

Ya mayar da ƙafarsa ƙarƙashin tebur. Ya ɗauki wayar.

"Turo Mai Tabarau ya karɓi makulli. Ina gidan abincin bakin kogi, saman bene."

Can ɓangaren mai sito ya ce, "Dogo, lafiyarka kuwa?"

"Turo shi."

Auta ta dafe baki. Ta san dokar kamfanin, ya sha ba ta labari.

"Yaya, a'a. Motarka ce fa."

Ya hau kwance zaren, ƙullin ya ƙi. Da haƙori ya ƙarasa. Ya sa zaren a aljihun gaba, ya bar makullin tsirara a kan ƙyalle.

Garin ƙarami ne, ba a daɗe ba aka ji takun mutum a matakala. Mai Tabarau ya shigo yana haki. Ya gaida Umma a rusune, ya matso kusa da Dogo, ya cire tabaran. Dogo bai taɓa ganin idonsa ba sai yau.

"Ɗan'uwa, ɗazu wasa nake yi."

"Na sani."

"In na hau ta, manaja ba zai sauke ni ba. Ni ma ina da iyali, ba zan ce maka zan dawo da ita ba."

"Ban ce ka dawo da ita ba." Ya tura masa makullin. "Giya ta uku tana gardama in ba kaya. Kada ka tilasta mata, ka ba ta lokaci. Tayar baya ta hagu kuma ka riƙa dubawa."

Mai Tabarau ya ɗauka da hannu biyu. Ya fita, har ya manta bai mayar da tabaran ba.

Fanka na juyawa. Inda makullin yake ɗazu ya bar ɗan tabon mai a kan farin ƙyallen.

"Wa ya sa ka?" in ji Umma. Yanzu ne muryarta ta yi kaifi. "Ni na ce ka zubar da sana'arka? Da me za ka riƙe ta, da kallon kogi?"

"Ban sani ba, Umma."

"Ba ka sani ba!"

"Akwai motocin cikin gari. Akwai gareji, na iya gyara. Ban yi tunanin gobe ba tukuna." Ya dubi farantinta. "Na dai ga ba ki ci komai ba. Zan zauna har ki gama."

Umma ta daɗe tana kallonsa.

"Yau ka zauna. Hanya ba ta sakin nata da sauƙi, na fi ka saninta. Wata rana za ka farka ƙafarka na ƙaiƙayi, ka dubi yarinyar nan ka ce ita ta raba ka da motarka."

"In na ce haka, ki zo ki ɗauke ta."

"Ai kuwa zan zo."

Ta ɗaga hannu ta kira mai kawo abinci.

"Kawo masa kifi. Irin namu, na kogin nan, ƙanana."

"Mama, waɗannan ƙaya gare su sosai fa."

"Na sani."

Aka kawo. Dogo ya sa hannu, ƙaya ta soke shi tun a lomar farko. Auta ta yi dariya cikin hawaye, ta matso da farantinta tana nuna masa yadda ake bi ta gefen ƙashin baya. Umma ta ja nata, wanda ya riga ya huce, ta fara ci.

Rana ta karkata, kogin ya koma ruwan zuma. A lambun ƙasa mutane sun fara shimfiɗa, wani na gyara wa matarsa wurin zama. Dogo ya ga wani jirgin kwale-kwale, ya ga inuwar hasumiya ta miƙe har bakin ruwa. Ashe garin yana da kyau.

Sai ya ji ta.

Tun kafin ta fito daga kwana ya gane ƙararta, ko cikin motoci dubu zai gane. Ta hau sabuwar gada, tamfol a naɗe, wani ne a kujerarsa. Ya kafe idonsa a kan faranti. A tsakiyar gadar giyar ta yi wata ƙara mai karce zuciya, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse.

Dogo ya runtse ido. Cinyarsa ta motsa, ya danne ta da hannu.

"Ya saki kulochi da wuri," in ji Umma.

Ya ɗago da mamaki. Ba taga take kallo ba, ƙaya take cirewa. Amma kanta ya ɗan karkata wajen titi, kamar yadda nasa yake yi.

"Shekara nawa ina sauraron ƙarar nan daga tsakar gida," ta ce. "Kana zaton ku kaɗai kuka iya?"

Ƙarar ta yi nisa, ta yi nisa, ta ɓace. Bai tashi ba.

Umma ta ci kifinta har kai. Ta cinye shinkafar, ta tattara 'yan ƙwayoyin da suka rage da gefen cokali. Auta na kallonta kamar ba ta taɓa ganinta ba. Sannan ta sha ruwa, ta goge baki, ta leƙa farantin Dogo. Ko rabi bai kai ba.

"Ban ce na yarda ba," ta ce.

"Na ji, Umma."

"Mutanen can za su zo ran Juma'a. Na riga na ba su rana, ba zan ce kada su zo ba."

Auta ta sunkuyar da kai.

Umma ta jawo jakarta, ta ɗora a cinya, amma ba ta miƙe ba. Ta jingina da kujera.

"Kana da kawu ko baffa da ke iya tafiya?"

"Ina da baffa."

"To. Alhamis ba ni da baƙi." Ta nuna farantinsa da haɓa. "Ci abincinka, ɗan nan. Muna jiranka."